Yaushe gyaran tsohuwar mota yake ƙarewa?

Tambaya: "Assalamu alaikum, Malam. Na gaji Peugeot 504 ƙirar 1978 daga mahaifina. Ta yi shekara tara a ajiye kafin na tashe ta, kuma yau wata goma sha huɗu ke nan ina gyara. Na sauya famfon mai, sai kabureta ta fara ambaliya. Na gyara ta, sai lagireto ya fara yoyo. Na toshe shi, sai birki ya riƙe ƙafar baya. Makon jiya kuma fitilu suka ɗauke mini a hanya da dare. Mutanen gida sun fara cewa in sayar in huta. Shin akwai ranar da gyaran nan zai ƙare, ko haka masu irin waɗannan motoci suke rayuwa?"

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya kai haske kabarinsa.

Na karanta tambayarka sau biyu, kuma abin da na ji kana son sani shi ne: wannan lalacewa da ke zuwa ɗaya bayan ɗaya, halin motar ne da za ka zauna da shi har abada, ko abu ne mai iyaka? Na haura shekara talatin ina kwanciya a ƙarƙashin motocin wancan zamani, don haka ba zan yi maka kwana-kwana ba. Hidimar tsohuwar mota ba ta ƙarewa. Amma abin da kake fama da shi yanzu ya wuce hidima, bashi ne da ya taru a kan motar, kuma bashi yana biyuwa. Abin da ya sa kake ganin kamar ba ya raguwa shi ne, har yanzu motar ce ke zaɓa maka abin da za ka gyara da ranar da za ka gyara shi.

An ƙera ta ne don a riƙa sa mata hannu

504 ta fito a 1968, aka zaɓe ta motar shekara ta Turai a 1969, kuma sunan da ta yi na juriya ba a banza ta yi shi ba. Sai dai juriyar wancan lokaci tana da sharaɗi. Injiniyoyin da suka tsara ta sun ɗauka cewa duk bayan 'yan watanni bakanike zai buɗe bonet. A cikin distirbuto akwai kwantak, wasu 'yan ƙarafa biyu da ke buɗewa suna rufewa sau dubbai a minti guda don fulogi ya samu wuta. Suna cinyewa, tazararsu ta kusan milimita 0.4 ta sauya, tayimin ya goce, sai an zo an saita da hannu. Tazarar bawul ma da hannu ake saita ta. Tsofaffin Volkswagen Beetle sun ma fi haka, don ba su da filtar baƙin mai sam sai 'yar rariya, shi ya sa ake juye man duk kilomita 5,000. Motar yau kwamfuta ce ke yi mata wannan saiti a ɓoye tana cikin tafiya. Wanda ya saba da ita, in ya dawo kan tsohuwa, sai ya riƙa ɗaukar aikin da littafin motar ya rubuta a yi lokaci-lokaci a matsayin lalacewa. Wannan kashi na aikin shi ne ba ya ƙarewa, kuma ba shi da nauyi in an saba.

Abin da shekara tara a ajiye ta yi mata

Mutane da yawa suna ganin mota in tana ajiye hutawa take yi. Ajiya ta fi tafiya lalata mota. Roba tana bushewa ta tsage ko ba a taɓa ta ba. Fetur yana tsufa ya bar wani danƙo kamar ƙaro a tanki da ƙananan ƙofofin kabureta. Raɓa tana taruwa a cikin tankin da babu mai ta haifar da tsatsa. Man birki kuwa yana da halin jan ruwa daga iska, shi ya sa ake sauya shi duk shekara biyu ko mota ta yi tafiya ko ba ta yi ba.

Yanzu ka dubi jerin da ka lissafa mini, za ka ga kowanne ya haifi na gabansa ne ko kuma tsararsa ne. Sabon famfon mai ya zo da ƙarfin da tsohon ya rasa, ya jawo tsatsar tanki ya tura ta gaba. Ƙwayar tsatsa ɗaya ta isa ta tokare 'yar allurar da ke rufe mai in kwanon kabureta ya cika, sai ambaliya. In ba a sauke tankin an wanke ba, ka shirya, za ta sake. Lagireto kuma hanyar ruwa ce da ke aiki da matsin tururi. Lokacin da yake yoyo, ta nan matsin ke fita. Da ka toshe, matsin ya dawo cikakke, zai nemi wuri mafi rauni na gaba, wataƙila tiyon ƙasa, wataƙila famfon ruwa, wataƙila ƙaramin lagireton hita da ke bayan dashbod. Birkin baya da ya riƙe, abu biyu nake fara zargi: ko ruwan da man birki ya sha ya sa fistin ɗin ƙafar ya yi tsatsa ya maƙale, ko tiyon robar da ke kai mai ƙafar ya kumbura ta ciki. Irin wannan tiyo ta waje lafiya lau yake, amma ta ciki ya zama ƙofa mai shiga ba fita: ka taka, mai ya wuce da ƙarfi, ka saki, ya kasa komawa.

Duk robobin motarka shekararsu ɗaya, rana ɗaya suka sha, ajiya ɗaya suka yi. In ɗaya ya mutu yau, sauran suna layi. Mai sauya su ɗai-ɗai yana biyan kuɗin aiki sau goma a kan abin da za a kwance sau ɗaya, ga wahalar tsayawa a hanya a kowane karo.

Kafin ka ƙara kashe ko kwabo, ka duba tsatsa

Wannan shi ne wurin da nake so ka fi ba ni hankalinka, domin shi ne ke yanke hukunci ko a ci gaba ko a tsaya. Inji, giya, birki, waya, duk ana kwance su da sifana a ɗaura wasu. Jikin mota ba haka yake ba. Salun ɗin 504 ba ta da casis daban da aka ɗora bodi a kai, bodin ne da kansa ke ɗauke da nauyin komai. In ya ruɓe a inda ƙafafu suka kama, sabon inji ba zai amfane ka da komai ba. Kuma motocin shekarun 1970 yawancinsu ba a lulluɓe ƙarfensu da tutiya ba. Wannan ya yaɗu ne daga baya. Audi 80 ta 1986 tana cikin motocin talakawa na farko da aka yi wa dukan jiki haka.

Ka ɗaga motar sama, ka shiga ƙarƙashi da tocila da sukundireba. Ka soki dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofofi, da wuraren sa jak, da daɓen ƙarƙashin kafet, da saman shokozoba na gaba a cikin bonet, da inda ƙarfen ƙafafun baya ya kama jiki, da ƙasan but inda ruwa ke kwanciya, da ƙarƙashin batir. Kada ka ji tausayin fenti. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe yana lotsawa ko ya zubo da gari. Ka bi gefen ƙofofi da kunnuwan tayoyi da maganaɗisu: inda ya ƙi kamawa, fila ce wani ya cika rami da ita ya shafe da fenti. Tsatsa daga ciki take cin ƙarfe ta fito waje, don haka ɗan kumburin da ka gani a fenti kamar ƙurji, abin da ke bayansa ya ninka shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a mota tsagar nan yawanci robar gilashi ce da ta bushe ko 'yar ƙofar tsiyayar ruwa da laka ta toshe.

Maganin tsatsa ɗaya ne: a yanke har sai an kai ƙarfe mai haske, a yi waldar sabon ƙarfe, a rufe ta ciki da ta waje. Na sha karɓar mota mai sheƙi da aka yi wa fenti a kan ruɓa, shekara biyu ba ta cika ba fentin ya fashe. Ba abin da ke ɓata mini rai a sana'ar nan kamar wannan, saboda mai motar ya biya da zuciya ɗaya.

Tsarin da nake bi

In jiki ya tsira, to ka daina hawa motar na ɗan lokaci, ka bi ta sashe-sashe, kowane sashe a gama shi ɗungurungum kafin a taɓa na gaba.

Birki ne farko, tun daga masta, wato babban famfon birki, har ƙafafu huɗu: duk tiyon roba sabo, duk robobin fistin sababbi, bututun ƙarfe a bi su da ido, a zubar da tsohon mai kaf. Tayoyi suna tafiya tare da birki. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara; 2314 na nufin mako na 23 a 2014. Tayar da ta kai shekara goma ta gama aiki ko da zanenta bai goge ba. In lambobi uku ka gani, an yi ta ne kafin shekarar 2000, kada ka hau titi da ita.

Sai hanyar mai: tanki a sauke a wanke, tiyo duka sababbi, filta a gaban famfo. Wannan ba maganar tsayawa a hanya kaɗai ba ce. Tiyon mai da ya tsage a kan inji mai zafi shi ne ke cinye tsofaffin motoci da wuta. Ka ajiye abin kashe gobara a inda hannunka zai kai kana zaune.

Hanyar ruwa a 504 tana buƙatar ƙarin bayani. Kan injin, wato tof, na alminiyum ne. Silindoji kuma ba a jikin bulo aka haƙa su ba, bututun ƙarfe ne guda huɗu da aka zura, ruwa yana kewaye su, akwai abin toshewa a gindin kowanne. Wannan tsari yana da daɗin gyara, amma ba ya yafe zafi. In injin ya tafasa sosai, tof yana iya lanƙwasa, ruwa ya haɗu da baƙin mai. Ruwa zalla kuma yana cin alminiyum a hankali, don haka ka riƙa zuba ruwan lagireto na musamman mai hana tsatsa ko da ba a sanyi a inda kake. In ka tarar wani ya cire tamostat, abin da ke tare ruwa har inji ya ɗumama, ka mayar. Cire shi ɓoye ciwo ne, kuma injin da ba ya kai zafin aikinsa ya fi shan mai ya fi saurin cinyewa. Gargaɗi ɗaya ga duk wanda zai buɗe maka tof: kada ya juya injin sai ya danne bututun nan huɗu. In suka motsa, abin toshewar gindinsu ya tashi, aikin yini ɗaya ya zama sauke inji.

Fitilun da suka ɗauke maka, kafin a zargi altaneta a duba wuraren da waya ke mayar da wuta jikin ƙarfen motar, da bakunan fiyus. Tsatsa ko kore-koren da ke hawa tagulla ya isa ya yanke wuta. A nan ne kuma za ka gamu da aikin hannuwan da suka riga ka: waya da aka murɗa aka naɗe da salatif, fiyus da aka maye da zaren waya, rediyo da aka jona ta inda aka ga dama. Mota mai shekara arba'in da ɗoriya ta ratsa hannun mutane da yawa, kuma wani kaso na abin da ake ɗora wa kamfani laifinsa gyaran gaggawa ne da aka yi a bakin hanya aka manta. Ka nemi zanen wayoyin motar, a mayar da komai yadda yake.

Bayan waɗannan sai saitin inji, sai bushin da shokozoba. Fenti da kujeru su ne na ƙarshe.

Duniya ta sauya, motar ba ta sauya ba

Akwai wani kashi na wahalar da ba laifin motar ba ne, ba kuma na ajiya ba. Lokacin da aka ƙera ta, fetur yana ɗauke da dalma, wadda ke kare mazaunin bawul daga cinyewa. An daina sayar da irin wannan fetur ga motoci a duniya baki ɗaya. Aljeriya ce ta ƙarshe, a 2021. Injin da tof ɗinsa zubabben ƙarfe ne ya fi jin wannan rashi. Naka na alminiyum ne da aka dasa wa mazaunai daban, don haka da sauƙi, amma ka riƙa rubuta tazarar bawul duk lokacin da aka saita. In ta bawul ɗin hayaƙi tana ta tsukewa, mazaunin ne ke nutsewa. A ƙasashe da yawa kuma ana gauraya fetur da itanol, sinadarin da ake samu daga amfanin gona irin su rake da masara, har kashi 10 cikin ɗari, kuma itanol yana cin tsohuwar roba yana jan ruwa. In za ka sayi tiyon mai, ka nemi wanda aka rubuta yana jure shi. Baƙin mai ma haka: siririn man da aka yi wa injinan yau ba shi ne na tsohon inji mai faɗin tazara ba. Irin 20W-50 ya fi dacewa da shi.

Sai kayan gyara. Ka yi sa'a da 504, don an ci gaba da haɗa ta a wasu ƙasashe har bayan shekarar 2000, kayan inji da na ƙafa ba su yi wuya ba. Abin da ya yi wuya shi ne mai kyau. Na taɓa yin kwana da kwanaki a kan wata mota da ke mutuwa in ta yi zafi, ta tashi in ta huce. Na wanke kabureta, na gwada kwayil, na bi hanyar mai daga tanki. Ban zargi kwandensa ba, wato 'yar na'urar da ke aiki tare da kwantak, saboda ni da kaina na ciro ta daga kwali na ɗaura. Ita ce. Da na mayar da tsohuwar da ke cikin kwandon shara, motar ta daina mutuwa. Tun daga ranar ba na cewa abu lafiyayye ne don sabo ne, kuma ba na jefar da tsohon da na cire sai sabon ya yi wata guda yana aiki. Kayan ƙarfe na asali da suka daɗe a kanti ba a taɓa ɗaura su ba, ka saya in ka samu. Na roba kuwa, shekarun da ya yi a kwali sun tsufar da shi kamar wanda ke jikin mota.

Masu sha'awar tsofaffin motoci sun rabu a kan ko ya halatta a sa musu kayan zamani. Ƙungiyarsu ta duniya, FIVA, tana kiran mota ta tarihi in ta kai shekara 30 kuma an adana ta a kan siffarta ta asali. A ɗaya gefen ga Kuba, inda motocin Amurka na shekarun 1950 suke aiki har yau, da yawansu da injin dizal na wasu motoci a ciki, saboda takunkumi ya yanke musu kayan gyara. Ni ra'ayina a tsakiya yake. Abin da ba a gani, kuma ana iya kwance shi a mayar da na asali, ina goyon bayansa: na'urar lantarki a madadin kwantak, rile (ƙaramin makunni mai aiki da lantarki) a kan fitilu don kada dukan wutar ta bi ta tsohon makunni. Waɗannan biyun kaɗai suna rage tsayawa a hanya sosai. Yanka bodi ko sauya inji kuwa, ga motar da mahaifinka ya bari, ba zan ba ka shawararsa ba matuƙar injinta na tashi.

Bayan an biya bashin

Sai ka hau ta. Wani malamin makaranta a Amurka, Irv Gordon, ya sayi Volvo P1800 sabuwa a 1966, kuma a 2013 ta cika mil miliyan uku a hannunsa. Ba wani sirri ya yi ba face tafiya kullum da bin littafin hidima a kan lokaci. Kunna mota a tsaye na minti biyar ba ya wadatarwa, yana ma tara ruwa a salansa da cikin baƙin mai. Ka fita da ita aƙalla sau ɗaya a mako, tafiyar rabin awa ko fiye, har inji ya yi zafi sosai, giya ta shiga duka, birki ya yi aiki. Ka ajiye littafi a cikin motar: kwanan wata, kilomita, abin da aka sauya, wanda ya yi aikin. A hannuna, motar da aka bi ta wannan tsari takan koma neman hidima sau biyu a shekara da ɗan abin da ba a rasa ba tsakani, kamar makunnin da ya gaji ko ɗigon mai a gindin giya. Wannan ɗin ba zai daina ba, amma ba shi ne zai bar ka a hanya da dare ba.

Maganar mutanen gida kuma kada ka yi watsi da ita. Motarka ta 1978 ba ta da jakar iskar da ke kumbura ta tare mutum a karo, ba ta da birkin da ke hana taya kullewa, kuma jikinta ba ya kare mutum a karo kamar na motar yau. In ita kaɗai ce motar da za ta kai yara makaranta kullum, suna da gaskiya a damuwarsu. In kuwa akwai wata, ko za ka iya jure kwanakin da take gareji, to ka zauna da su ka nuna musu jerin aikin a rubuce, da abin da ka ware wa kowane sashe, da watan da kake sa ran gamawa. Yawanci abin da ke tayar wa iyali hankali shi ne kashe kuɗin da ba a san iyakarsa ba.

Ni ban ga motarka ba, kuma ruɓar ƙarfe ba a auna ta da wasiƙa. Don haka a makon nan abu biyu nake so ka yi kafin ka sayi komai. Ka ɗaga ta ka soki wuraren da na lissafa, tare da mai walda da ba shi ne zai yi aikin ba, don ya faɗa maka gaskiya. Sannan a auna matsin silindoji huɗun da inji a ɗumi. In sun yi kusa da juna, bambancinsu bai wuce kashi 10 cikin ɗari ba, injin yana da sauran rai mai tsawo. Ka rubuto mini lambobin huɗu da abin da sukundireba ta tarar a gindin ƙafafun baya, daga nan sai mu san ta inda za a fara.